Sai mun kai ta Tamale, da kaya a bayanta

Aje sifanar nan ka zo, yaro. Tun jiya nake jin ƙunƙuninka a bayan benci, yau kuma ka yi ta maza ka tambaya: "Masta, Land Cruiser ɗin nan da muka gama wa aiki, me ya sa sai mun kai ta har Tamale gwaji? Ba ma zagaya da ita Ofinso mu dawo ba, mu huta da asarar mai?" Da wata rana ce, sai in tura ka wankin boris in ci gaba da aikina. Amma ka ambaci Ofinso, kuma Ofinso ce ta ci mini fili. Jawo tayar can ka zauna.

Duba baƙin mai da ruwa da birki da iskar taya, ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Wanda ya shekara uku a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a nan Kumasi, bai san wannan ba, ya je ya nemi Pragya, keken haya mai ƙafa uku, ya tuƙa.

An canza kuɗi a watan Yulin 2007, sidi 10,000 ta koma sidi ɗaya, manya da gemu suna lissafi da yatsu. A bazarar da ta biyo baya wani mutum ya zo mini daga Ankara, babban birnin Gana. Ɗan Zango ne kamar mu, babbar riga, ƙamshin turare, carbi ba ya barin hannunsa. Ya kawo mota irin wannan sak, Land Cruiser 80 mai injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, injin da ba ya gudu amma ba ya gajiya. Ya ce Turawa zai kwasa yawon buɗe ido. Za su fara da dajin Mole, su fita ta Paga, su ratsa Burkina su shiga Mali, don lokacin hanyar Tumbutu a buɗe take, kowa na zuwa. Ya ce in yi mata duk abin da ya kamata. Na sake bel ɗin taimin, na kwance ƙafafun gaba na sa sababbin boris da giris, na sake sifirin da shokazoba huɗu, maƙwabcina mai walda ya ɗora mata kariya a rufi. Da na kai hannu wajen lagireto sai ya ce, "A'a Masta, bar nan, satin da ya wuce aka wanke shi, kada ka wahalar da kanka." Na buɗe murfin, na ga ruwa garau a sama, na mayar. Sati uku muna kanta. Ya ba da rabin kuɗi, ya ce ciko sai ya dawo, kayan gyaran kuwa bashi na ɗauko da sunana a wurin mutanen da muke gaisawa kullum.

Na ce masa ya zuba mai in kai ta Tamale in dawo. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Haba Masta, aikin hannunka ne za a tsaya gwadawa? Duk Kumasi wa ya kai ka?" Wallahi maganar ta shiga kaina ta zauna. Washegari da sanyin safiya na ɗauke ta, babu kowa a ciki sai ni da sifana biyu, na je Ofinso, kilomita 30 da ɗoriya, na juyo. Tana tafiya kamar jirgi. A gaban mutane na miƙa masa makulli na ce lafiya lau.

Ranar tashi na ga abin da aka yi mata. Jarka shida na gas a rufi, tanti biyu, safaya biyu, tankin ruwa, firij, Turawa huɗu da jakunkunansu, ga direba ga mai dafa abinci. Bayanta ya zauna kamar jakin da aka yi wa mangala biyu. Zuciyata ta ce mini in yi magana, girman kai ya ce in yi shiru.

La'asar ɗin washegari waya ta zo. Sun haye gadar Buipe, sun karya kwana a Fufulso sun kama hanyar Damongo. Kai ba ka san wannan hanya a da ba, yanzu an zuba mata kwalta. Lokacin burji ce ja, gargada ce da ke kwance haƙoran mutum, dole direba ya riƙe ƙaramar giya, injin na kuka, iska ba ta shiga, rana kuma irin ta arewa da ke kai 40 a ma'auni. Mota ta tafasa, direba ya ci gaba da taka ta har ta mutu a tsakiyar daji. Na bi motar dare na je. Na same ta a gindin wata kaɗanya, ƙura ta rufe ta, Turawan an riga an nema musu wata mota. Da kuɗina aka ɗora ta a kan babbar mota muka dawo Suame.

Da na kwance tiyon ƙasa na lagireto, abin da ya zubo ba ruwa ba ne, kunu ne. Kauri, ruwan toka, da wani ƙyalli-ƙyalli a ciki kamar garin tagulla. Maganin toshe yoyo ne aka ɗura mata, ya kwanta a ƙasa, saman ya bar mini ruwa mai kyau in gani. Tamostat babu, an cire. Na ɗaga kan silinda na wanke na kai shi rana, sai ga tsaga tsakanin bawul biyu, siririya kamar gashi. Na sa farce na bi ta. Sabuwar tsaga ƙarfenta fari ne yana walƙiya. Wannan baƙa ce ƙirin, hayaƙi ya daɗe yana bi ta ciki. Ka gane yadda take yi? Injin na sanyi ko ba kaya, bakinta a rufe yake, maganin ya riƙe. Ƙarfe ya ɗau zafi sosai da nauyi a kansa, sai ta buɗe, iskar silinda ta kutsa cikin ruwa ta tunkuɗo shi waje. A hanyar Ofinso da safe, mota wayam, ko sau goma na je ba za ta buɗe ba.

Mai motar ya kai ni gaban dattawan layinmu. Tambaya biyu aka yi mini. "Kai ka gwada ta?" Na ce ni ne. "Ka ce lafiya lau?" Na ce na ce. Na ɗauko kan silindar na ajiye a gabansu, na nuna tsagar, na nuna kunun a kwano. Mutumin nan yana jan carbi ya ce, "Sati uku tana hannunsa, wa ya san wanda ya zuba?" Har yau idan na tuna sai in ji wuyana ya yi zafi. Aka yi sulhu irin wanda talaka ke biya. Cikon kuɗina ya tafi, na sayi kan silinda da gaskit, na yi aikin kyauta, ga masu kaya suna sallama a ƙofar gida. Filina da na yi shekara shida ina tara kuɗinsa ta wajen Kenyase, shi na sayar. Yanzu bene ne a wurin, idan na bi ta hanyar kau da kai nake yi. Bayan shekara biyu wani makanike daga Abossey Okai ta Ankara ya zo sayen kaya, hira ta kawo hira, ya ce ai ya san motar. Shi ya gaya wa mai ita kan silinda ya tsage, mai ita ya ce a zuba magani a rufe, zai san yadda zai yi. Ashe ni ne yadda zai yi.

To, ka ji dalilin Tamale. Tun da wasu 'yan Gana suka tuƙa daga Ankara zuwa Landan a 2023, kusan kilomita 10,000 cikin kwana 16, duk wanda ya samu kuɗi so yake ya ɗora tanti a rufin mota ya ce zai ƙetare Sahara. Madalla, mu kasuwa ce ta buɗe mana. Amma motar da za ta ɗau kaya, da kaya ake gwada ta. Ka tambayi mai ita abin da zai loda, ka yi lissafi. Jarkar gas mai lita 20 ta kai kilo 20 da ƙarfenta, ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Sai ka nemo buhunan siminti, kowanne kilo 50, ka jera kwatankwacin nauyin, na rufi a rufi, na baya a baya. Nauyin sama shi ke kayar da mota a kwana, kuma sai ka ji shi a sitiyari da hannunka kafin ka iya gaya wa mai ita ya sauke rabi.

Daga nan zuwa Tamale wajen kilomita 380 ne. Kada ka yi wayon tafiyar dare, ranar muke nema. A Techiman ka tsaya ka zagaya ta, ka sa bayan hannu a tsakiyar kowace ƙafa. Ɗumi ba laifi. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, boris ɗinta ya matse ko birki na kamawa. Hawan da ke wajen Kintampo, nan za ka kashe rediyo ka saurara: idan injin ya ɗau zafi ya kamata ka ji fanka ta kama tana gurnani. Ba ka ji ba, kulocin fankar ya mutu. Kuma kada ka dogara da allurar zafi, ta motar nan tana son zaman tsakiya, kafin ta tashi aikin gama ya gama. Hancinka ya fi ta sauri, ruwan da ya fara tafasa yana da warinsa. Bayan Buipe ka nemi hanyar burji ka sauka kwalta, ka ba ta gargada ta awa guda, ka sa ƙaramar giyar daji, sannan ka shiga ƙarƙashi da sifana. Notin da bai kwance a nan ba zai kai Agadas. Ka kwana da ita a kan daɓe mai tsabta, da asuba ka duba abin da ya ɗiga. Sannan, tana sanyi, ka buɗe murfin lagireto ka tayar da ita ka zuba ido. Kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, ka kashe ta ka kira ni. Tanki ka cika shi fal a Suame, ka sake cikawa a Tamale, ka rubuta lita nawa ta sha, don a kan wannan mai ita zai san jarka nawa zai ɗauka.

Ku 'yan yanzu kun ɗauka kwamfuta za ta gaya muku komai. Injin nan ba shi da inda za ka soka ta. Kuma abin da ke ƙona mini rai, in na tura ɗayanku gwaji sai in ga hotonsa a TikTok, hannu ɗaya a sitiyari, waƙa na tashi, gilas a rufe. Ta ina za ka ji ƙarar farfela? Mu da muka koya, masta na gaba yana tuƙi, kai kana kwance a baya kunnenka a daɓen mota tun daga Kumasi har inda Allah ya yi, ka ce ka gaji ka sha mari. Ban ce a dawo da marin ba, amma wani lokaci ina tunani.

Mai wannan motar ya riga ya biya kuɗin man zuwa da dawowa, ya sa hannu a takarda cewa duk abin da gwaji ya tono nasa ne. Da ya ƙi, da yanzu tana ƙofar gidansa. Shi ma ya ce mini lagireto sabon wanki ne, shi ya sa ka ga na sa ka zubar da ruwan a farin bokiti shekaranjiya.

Tashi ka je wajen mai bulo, ka ce in ji ni ya ara mana buhu 12, jibi za mu mayar. Uku a rufi, sauran a baya, ka ɗaure su tamau. Gobe muna idar da sallar asuba za mu kama hanya, kai za ka fara tuƙi har Techiman. Wayar nan kuma ka bar ta a aljihu, in na gan ta a hannunka a Ofinso zan sauke ka.