Uno ko ESP32? Fara auna tsawon wayarka

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ATBU Bauchi, ajin ƙarshe. Furojet ɗina na'ura ce da za ta kunna injin ban-ruwa a gonar kawuna ta Dadin Kowa idan ƙasa ta bushe, ta kuma tura masa saƙon tes. Sensocin da ke auna danshin ƙasa suna da nisan mita 200 daga injin. Game da ƙaramin allon kwamfuta da zai sarrafa na'urar, abokaina sun ce in sayi ESP32 don ya fi Arduino Uno gudu. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokanka ba su yi ƙarya ba, Uno na tafiya a 16 MHz da RAM 2KB, ESP32 kuwa yana kaiwa 240 MHz. Amma ƙanena, ƙasar gona ba ta bushewa a cikin daƙiƙa. Gudun ba shi ne matsalarka ba, mita 200 ɗin nan ce.

Wajen kawo bayanai daga senso zuwa allo, yawancin ɗalibai hanyar I2C suka sani, saboda waya biyu kacal take ci. Kamfanin Philips ya ƙirƙiro ta a 1982 don sassan da ke cikin akwati ɗaya su yi magana da juna. Ka ja ta zuwa tsakiyar gona, ƙarya za ta riƙa kawo maka, balle ga injin yana ruri a gefe. Hanyar SPI ma haka, ta katin ajiya ce da sikirin. Abin da zai fisshe ka shi ne RS-485, wadda kan kai kusan mita 1,200 a kan waya biyu murɗaɗɗu. Ka ajiye ƙaramin Arduino Nano wurin sensocin, ya karanta, ya turo ta MAX485, ƙaramar na'urar da ke haɗa shi da wayar RS-485.

A wajen injin kuma, ESP32 nake ba ka shawara, amma dalilina daban ne. Uno ƙofar UART (ta aikawa da karɓar bayanai) ɗaya yake da ita, ita ma USB na amfani da ita. Kai kana bukatar ɗaya don RS-485, ɗaya don SIM800L mai tura tes. ESP32 yana da uku.

Sai dai ka kula, ƙafafun ESP32, wato inda ake jona masa wayoyi, bolt 3.3 suke ɗauka, ka ba su 5 ka yi asarar kuɗinka, don haka MAX3485, irin MAX485 mai aiki da bolt 3.3, za ka sa a ɓangarensa. SIM800L kuma yakan fizgi amfiya 2 lokacin neman sabis, ka ware masa wutarsa daban.

Tambaya: Malam, na sayi Uno mai araha a Gombe, kwamfutata ta ƙi ganinsa. Jabu ne?

Amsa: Juya allon, ko ki duba kusa da ramin USB. In kin ga an rubuta CH340, direbansa kawai za ki sauke, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon. In har yanzu shiru, canza igiyar, wasu na caji ne kurum, ba sa ɗaukar bayanai.