Takardar gwaji ta yi kyau, mai jiki ta ce da saura

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata na fama da ciwon suga. Sakamakon gwajinta ya yi kyau, likitanta ya ce an samu ci gaba, ita kuwa kullum cewa take jikin yana nan jiya i yau. Wai da me kuke auna samun sauƙi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Daga ita har likitan babu wanda ya yi ƙarya, abin da kowa ke dubawa ne ya bambanta.

Ina kyautata zaton gwajin HbA1c aka yi mata, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku. Muna bin lambar ne don mun san idan ta daɗe a sama, ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa ne ke ɗanɗana kuɗarsu. Wato lambar wakiliya ce kawai. Ainihin abin da ake nema shi ne Mama ta yi tsawon rai, idonta garau, tana tashi ta yi hidimarta da kanta.

To amma wakili yakan ci amana. A 1989 wani bincike a Amurka mai suna CAST ya girgiza likitoci. An ba mutanen da jijiyar zuciyarsu ta taɓa toshewa magungunan flecainide da encainide don daidaita bugun zuciyar. Takardar awon zuciya ta yi kyau, sai dai mace-mace a cikinsu ya ninka na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki. Haka a 2008 aka dakatar da wani sashe na binciken ACCORD, bayan an ga masu ciwon sugan da aka matsa wa lambarsu ta sauka ƙasa sosai sun fi mutuwa. Shi ya sa ni dai ba na rawar jiki da maganin da lamba kaɗai ya gyara.

Yau ana auna har abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa. Takardar EQ-5D abu biyar take tambaya: tafiya, wanka da sa tufafi, ayyukan yau da kullum, zafin ciwo, da damuwa.

Kada Mama ta daina shan magani. Ku ɗauki mako biyu kuna rubuta abin da take ji. Tafin ƙafa na mata zafi kamar barkono da dare? Takan yi rawar jiki da gumi kafin cin abinci? Rawar jikin da gumin na iya nufin sugan na faɗuwa fiye da kima, musamman ga dattawa. Ku miƙa wa likitan abin da kuka rubuta, ku roƙi a duba ƙarancin jini da aikin ƙoda.