Tambaya da Amsa: Yadda Ake Yi wa Waƙa Faci Ba Tare da an Gane Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni sha'iri ne, ina ɗaukar muryata a ɗakina da manhajar Cubase. Na rera ƙasida mai baiti 12, komai ya zauna, sai a baiti na takwas harshena ya harɗe a kalma ɗaya. Na yanke wurin na sake ɗauka, amma duk wanda ya saurara sai ya gane inda na yi ɗinki. Ko dole sai na koma farko? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka taɓa sauran baitocin nan, faci kawai za ka yi. A Cubase, ka ja alamar hagu da ta dama da ke saman allo su kewaye wurin da ya ɓaci, ka danna harafin I a madannan kwamfuta, ka danna O. Sai ka kunna waƙar daga baya kaɗan. Tana isa alamar farko za ta fara ɗauka da kanta, tana kai ta biyu ta daina. Tsohuwar muryar ba ta ɓace ba, tana nan a ƙarƙashin sabuwar. Masu manhajar Audacity kuwa, tun 2018 suna da Shift da D, wanda ke maido maka da daƙiƙa 5 kafin ya fara ɗauka, sai dai yana share abin da ke gaba a layin, don haka ya fi dacewa da mai karatun littafi.

Ɗinkin da ake ji, yawanci ba laifin kwamfuta ba ne. Ina ka yanka? In a tsakiyar kalma ne, ko a kan wasalin da ka ja, kunnen Bahaushe ba zai yafe maka ba, domin karin sautin ya karye. Ka yanka a inda ka ja numfashi, ka sake ɗangon gaba ɗaya ko da kalma ɗaya ce ta lalace. Kuma kada ka yi shiru kana jiran wurin ya zo. Ka bi tsohuwar muryarka kana rerawa tun daga ɗangon da ya gabata, yadda za ka shiga da zafinka, ka kuma wuce alamar ƙarshe kana ci gaba. Bayan nan ka zaɓi guntayen biyu ka danna X, bakinsu ya narke cikin juna.

Wannan darasin da wahala na koye shi. Wani mawaƙi ya taɓa ɗaukar waƙa a wurina da hantsi, akwai wuta, ɗakin tsit. Ya dawo bayan kwana uku mu gyara kalma biyu, hunturu ya sa masa mura, mu kuma muna kan janareto. Na kai bayan isha ina fama, amma duk sanda aka zo wurin sai ka ji kamar wani ne ya karɓe makirufo, ga gurnanin inji a ƙasa. Tun daga ranar nake manna tef a ƙasa inda mawaƙi ya tsaya, ina auna taƙi ɗaya tsakanin bakinsa da makirufo, ina kuma ɗaukar hoton maɓallan na'urar sauti da wayata kafin kowa ya taɓa su.

Tunda taka ta riga ta kwana, ka sake baiti na takwas ɗin duka, daga amshi zuwa amshi, a irin lokacin da ka yi ɗaukar farko, fanka a kashe. Muryoyin 'yan amshi za su rufe bakin ɗinkin ta gaba da baya.