Ƙugi a sauti bayan sa wa Mega Drive kebul ɗin RGB

Ka ce ka haɗa Mega Drive, na'urar wasan bidiyo ta Sega, ƙirar farko, da talabijin ta SCART (mahaɗar hoto da sauti mai ƙafa 21) da kebul ɗin RGB, wanda ke raba hoto zuwa ja, kore da shuɗi, hoto ya fito tas, amma sauti na ƙugi, musamman idan allo ya yi fari.

Wannan alamar ta riga ta nuna inda matsalar take. Ƙugin da ke ƙaruwa da hasken allo siginar hoto ce ke tsallakawa cikin wayar sauti. Kebul mai araha yakan cusa duk wayoyin cikin roba ɗaya ba garkuwa, wato rufin ƙarfe mai tare sigina, sai siginar hoto da ke ƙafa ta 20 ta SCART ta shafi ƙafa ta 2 da ta 6, inda sauti ke bi. Ɗauki mitar gwada lantarki ka tabbatar ƙafa ta 4, wato layin ƙasa na sauti, ta haɗu da ƙasan na'urar. Mai yiwuwa ba a ma jona ta ba. Idan lafiyarta lau, sayi kebul da kowace waya ke da garkuwarta.

Gwaji mai sauƙi: sa abin kunne a ramin da ke gaban na'urar. Idan babu ƙugi, laifin kebul ne. Ai ma ta can ya kamata ka ɗauki sauti, domin ramin baya na wannan ƙirar mono, wato sauti mai layi ɗaya, kawai yake bayarwa.

Idan ƙugin na nan a abin kunne ma, in akwai wayoyin da ka yi wa solda a cikin na'urar, duba su, ka nisanta su da layin sauti. Sannan canza adaftar wuta, ka sauya tsofaffin kafasito (ƙananan sassan da ke tara wuta a cikin na'urar) da suka bushe.