Me ya sa Piper Cub ke wulwulawa da ni duk lokacin da na sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kai shekara biyu ina tuƙa Cessna 172 a manhajar Flight Simulator X a kwamfutata ta gida, kuma saukata ba laifi. Kwanan nan na koma kan ɗan tsohon jirgin nan mai ruwan ɗorawa, Piper Cub. Tashi da ƙyar, sauka kuwa ba a magana: da tayoyi sun taɓa ƙasa sai ya yi tsalle, ko ya wulwula kamar kare mai bin jelarsa har fiffike ya daki ƙasa. Sandar wasa kawai gare ni, ba ni da feda. Jirgin ne aka tsara da matsala, ko ni ne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Lafiyar jirgin ƙalau, haka na gasken ma yake yi wa mutane. Ni kaina sai da na yi mako guda ina ɗora wa manhajar laifi kafin na gane cewa Cessna ce ta sangarta min ƙafafu.

Dubi tayoyin biyun. Cessna 172 tana da taya ɗaya a ƙarƙashin hanci, biyu a baya, kuma nauyinta yana gaban manyan tayoyin, don haka ko ka sauka a ɗan karkace, nauyin ne zai ja ta ta miƙe da kanta. Cub kuwa manyan tayoyinsa biyu suna gaba, ɗan ƙarami a jela, nauyin yana bayan manyan. Ka ɗauka a-daidaita-sahu kake tuƙawa da baya, a guje. Da jela ta ɗan goce, nauyin da ke baya sai ya ƙara tura ta, gocewar ta haifi wata gocewar, kafin ka ankara jela ta wuce hanci. Wulwulawar da kake gani ke nan.

Tsallen ma daga nan yake. Idan manyan tayoyi suka daki ƙasa da sauran gudu, jela ce ke faɗuwa, hanci ya ɗaga, fukafukai su sake kama iska, jirgi ya koma sama ba da izininka ba. A nan mai koyo yakan tura sanda gaba da sauri, sai ya sake dukan ƙasa, tsalle na biyu ya fi na farko. In ya yi maka babban tsalle, ba shi totur gaba ɗaya ka tashi ka sake zagayowa. Babu abin kunya a ciki.

Maganin yana ƙafa. Linzamin jela, wato allon nan na tsaye da ke karkata hanci hagu ko dama, da feda ake sarrafa shi, kuma a Cub ƙafa ba ta hutawa daga fara gudu har jirgi ya tsaya cik. Taɓawa ake yi kaɗan-kaɗan da sauri, a taka a saki, kafin gocewar ta girma. Wanda ya danna ya riƙe zai gyara hagu ya faɗa dama. In aljihu zai ɗauka, sayi feda, ta fi maka sabuwar sanda amfani nesa ba kusa ba. In ba hali, sandar da ake murɗawa za ta yi, amma shiga saiti ka rage mata kaifi a tsakiya. Maɓallin kibod kam ban ba ka shawara ba, ko dai bai danna ba ko ya danna duka. Kuma ka duba ko manhajar tana taka maka linzamin da kanta, ka kashe wannan taimakon, in ba haka ba ba za ka taɓa koya ba.

Wajen tashi, farfelar Cub tana juyawa ta hannun dama in kana kallonta daga kujera, wannan kuma yana jan hanci hagu, musamman a daidai lokacin da jela ta ɗaga daga ƙasa. Saka totur a hankali, kamar cikin daƙiƙa uku, ƙafar dama a shirye, sannan ka ɗaga jela sannu-sannu. Ranar da ka gwada Tiger Moth na Ingila, wanda ya fara tashi a 1931, za ka ga akasin haka: injinsa Gipsy Major ta ɗaya hannun yake juyawa, ƙafar hagu ce za ta yi aiki.

Sauka kuma, gudu ne ke cutar yawancin waɗanda suka taso daga Cessna. Cub yana daina tashi ne a wajen mil 38 a awa, don haka mil 55 zuwa 60 ya ishe ka gangarowa. Ba shi da faifan bayan fiffike da kake saukewa a Cessna don rage gudu. In ka yi sama da yawa, karkatar da sanda gefe guda ka taka fedar ɗaya gefen, jirgi zai gangaro a kaikaice yana zubar da tsawo, sai ka miƙar da shi dab da ƙasa. Daga nan rufe totur, ka riƙe shi ɗan sama da titi, kana jan sanda baya kaɗan-kaɗan, kamar ba ka son ya sauka. So ake tayoyi ukun su taɓa tare. Da sun taɓa, sanda ta zo har cikinka ta zauna a nan. Kada ka yi gaggawar birki, yana iya kifa ka a kan hanci.

Akwai wata dabara da ba a cika faɗa ba. Kafin ka tashi, tsaya a bakin titi ka ƙare wa allon kwamfutarka kallo: ina hanci yake, ina layin da sama ta haɗu da ƙasa ya yanka gilashin gefe? Wannan hoton shi za ka nema wajen sauka. Mai tuƙa J-3, wato wannan samfurin Cub ɗin, in shi kaɗai ne a kujerar baya yake zama, saboda tankin mai yana can gaba, hanci kuma yana tare masa titi, shi ya sa ake tafiya da shi a ƙasa ana lanƙwasa hagu da dama ana leƙe. Matuƙin gaske yana jin gocewar jela a mazauninsa kafin idonsa ya gani. Kai kujerarka ba ta motsi, ido kaɗai gare ka, don haka kai dubanka can ƙarshen titi, kada ka kalli ƙasan da ke kusa.

Fara atisaye a filin ciyawa ba tare da iska ba, ka yi ta gudu a ƙasa da jela a ɗage ba tare da ka tashi ba. Bayan nan ka saka 'yar iska daga gefe.

In hannunka ya faɗa, ba kanka tukuici da tafiya. An ƙera J-3 daga 1938 zuwa 1947, kusan guda 20,000, yawancinsu da inji mai ƙarfin doki 65, kuma a wajen kilomita 120 a awa yake tafiya, wato mota mai lafiya za ta iya yin kafaɗa da shi. Tashi daga Kano ka bi hanyar mota zuwa Zariya da ido, ba na'urar nuna hanya, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Saka zafin watan Afrilu a saitin yanayi ka ga yadda zai ƙara cin titi kafin ya rabu da ƙasa. Tankinsa galan 12 ne, kusan lita 45, ma'aunin mansa kuwa wata 'yar waya ce da aka soka a jikin toto mai yawo a kan mai, ta leƙo ta murfin tanki a gaban gilashi. Ka riƙa kallonta, in ta kusa nutsewa nemi filin sauka.