Dukawa sun kawo mini kaya masu aibi, yaya zan kare kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon kayan fata a Sakkwato. Wani ɗan kasuwa daga Abuja ya ba ni odar jakunkunan mata, ni kuma na ba wani baduku aikin. Da kaya suka isa can, aka dawo mini da wasu: rini na zuba, ɗinki na warwarewa, wasu ma suna wari. Yanzu ya sake ba ni wata odar da ta fi ta farko yawa. Me zan yi kada a maimaita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mutumin Abuja bai san badukunka ba, kai ya sani, kuma sunanka ne zai ɓaci. Ka ba da aiki, amma alhakin yana wuyanka. Shawarata ita ce ka daina jiran ranar karɓar kaya kafin ka duba, domin aibi biyu cikin ukun da ka lissafa tun a fata suke, kafin allura ta taɓa ta.

Fara daga wajen majema. Fatar jan akuyarmu ta yi suna har Turai, inda aka daɗe ana kiranta fatar Maroko saboda a da ta can fatake ke bi da ita, amma fata mai kyau ma jima mara kyau na kashe ta. Idan ba ta sha bagaruwa yadda ya kamata ba, ko aka tattara ta ba ta gama bushewa ba, wari ba zai bar ta ba, da damina kuma sai fumfuna. Ka je da kanka. Ka shinshina, ka ninke ta ka matsa da yatsa ka ga ko fuskarta za ta tsage. Ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a kan rinin da ƙarfi. In ƙyallen ya ɗauki launi, haka zai ɗauka a jikin atamfar wadda za ta rataya jakar. Ni na fi son ka sayi fatar da kuɗinka ka miƙa wa baduku da ƙirge. Wanda aka haɗa masa kuɗin fata da na aiki a dunƙule, in farashi ya motsa, a fatar zai rage.

Sannan samfur. Kada ka ce "irin waccan ta kwanaki". A ɗinka guda biyu iri ɗaya, da zif ɗin da za a sa, da zaren, da shafin ciki, ku sa musu hannu, ɗaya a wajenka ɗaya a wajensa. A rubuta adadi, girma, launi, ranar kawowa, da abin da za a yi da duk wadda ba ta yi daidai da samfur ba, gaban shaidu biyu. Wasu na ganin rubutu kamar zargi ne tsakanin mutanen da suka saba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, don haka babu abin jin nauyi. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, mai sana'a yana lamunce kayan da ya tafi da su wajensa don aiki idan suka salwanta, sai in an samu shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Yana da kyau ku duka ku san wannan tun farko.

Kuɗin kafin alƙalami ya zama daidai abin da zai fara aiki, sauran a biya kashi-kashi bisa abin da aka kawo kuma ka amince da shi. Dozin ɗin farko shi ne mafi muhimmanci: in hannun jaka bai samu ɗinki biyu ba, a nan za ka tsayar, ba bayan an yanke fata duka ba. In kaya sun zo a buhu, zaro daga tsakiya da ƙasa, domin kowa ya san na sama aka fi gyarawa.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Gab da Sallah aiki kan yi wa masu sana'a yawa, sai maigida ya karɓa ya tura wa yaran shago ko wani can daban. Tambaye shi kai tsaye wa zai ɗinka, kuma ka riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Tunda odar ta yi yawa, raba ta tsakanin dukawa biyu da samfur ɗaya, ko da na biyun ya ɗan fi tsada. Ranar da ka yi wa mutumin Abuja alkawari kuwa, ta kasance bayan wadda dukawa suka ba ka da aƙalla mako guda, don a samu damar gyaran abin da ka mayar.