Tambayoyi da amsoshin lafiya: Ciwon haƙori da taimakon iyali

Tambaya: Likita, ina karatun aikin jinya a Kaliforniya. Yawancin masu zuwa asibitin da nake koyon aiki 'yan asalin Meksiko ne, kuma na ga ana ba su takarda ana tambayarsu ko iyalinsu na tuna musu goge baki. Ina ruwan iyali da haƙorin babban mutum?

Amsa: Da ruwansu ƙwarai, 'yata. 'Yan asalin Meksiko a Amurka sun kai wajen miliyan 37, kuma mutane ne masu riƙon zumunci, da wuya mutum ya yanke shawarar zuwa asibiti shi kaɗai. In aka tambayi mutum a dunƙule ko yana da masu taimakonsa, cewa zai yi yana da su. Shi ya sa masu bincike ke warware tambayar. Wa ke tuna masa ya goge baki dare da safe? Wa ke kai shi wurin likitan haƙori a mota, wa ke riƙe masa yara, wa ke yi masa tafinta in Sifaniyanci kaɗai yake ji? Ana kuma raba abin da iyali ke yi da na abokai da na ma'aikatan lafiya, domin ba ɗaya ba ne. Da yawansu ba su da inshorar haƙori, tsarin Medicaid kuma, wato inshorar lafiya ta gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, kowace jiha da irin abin da take biya wa manya. Ki riƙa duba amsoshin nan da kyau, su za su nuna miki wanda ba zai dawo ranar da aka sa masa ba.

Tambaya: Ina amfani da asuwaki kullum. Ya wadatar?

Amsa: Ci gaba da asuwakinka, amma ka haɗa da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, sau biyu a rana, musamman kafin barci.

Tambaya: Ina zaune a birnin Hustan na Amurka, matata 'yar asalin Meksiko ce. Mahaifinta na da ciwon suga, mako biyu ke nan haƙorinsa na ƙasa na ciwo. 'Yan uwa suna ɗora masa ƙwayar asfirin a dasashi, suna ba shi ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka sayo daga Meksiko. Yanzu ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura, yana zazzaɓi. Sun ce a jira wata mai zuwa a tsallaka da shi gida, likita ya fi araha a can. Mu jira?

Amsa: Kada ku jira, Malam. Yau ɗin nan ku kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Kumburi a ƙarƙashin haɓa tare da zazzaɓi, ga kuma ciwon suga, alama ce ta cewa ruɓar haƙorin ta bar tushensa ta shiga naman wuya. Irin wannan kumburin na iya ture harshe baya ya toshe hanyar numfashi cikin 'yan awoyi. In ya fara kasa haɗiye yawu, ko bakinsa ya ƙi buɗuwa, ko muryarsa ta canza, ku kira lambar gaggawa ta 911, kada ma ku tsaya neman mota.

Na san abin da ke hana su, kuɗi ne da tsoron a tambayi takardu. Ka gaya musu tun 1986 akwai doka a Amurka da ta tilasta wa sashen gaggawa duba mutum da ceto shi, ko da kuɗi ko babu, kuma rashin takardar zama ba ya hana a taimaka masa.

Maganar asfirin kuwa tana ɓata mini rai. Asfirin yana da asid, ɗora shi a dasashi ƙona naman yake yi ya bar farin gyambo, ciwon da ke cikin tushen haƙori kuma yana nan bai taɓa shi ba. Mu ma a gida ba mu tsira ba: ana ɗiga ruwan batir da fetur a kogon haƙori wai a kashe tsutsa. Babu wata tsutsa a haƙori! Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da asid ya huda haƙorin. Ragowar magani kuma zai iya lafar da ciwon kwana biyu, amma muddin ba a cire haƙorin ko an wanke tushensa an fitar da mugunya ba, dawowa zai yi.

Surukanka ƙauna ce ta sa su haka, ban ce ba su damu da shi ba. Da za a ba tsohon nan takardar da ɗalibar can ta ambata, zai ce iyalinsa na tsaye a kansa, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai tsayuwar tasu ce ta riƙe shi a gida mako biyu. Kai da matarka ku juya ta: wani ya tuƙa, wani ya yi tafinta, wani ya ɗauko jerin magungunan sugarsa. Bayan ya warke a nema masa asibitin al'umma da ke rage kuɗi gwargwadon samun mutum, a riƙa duba dasashinsa. Binciken ƙasa da aka yi a Amurka daga 2009 zuwa 2012 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na 'yan asalin Latin Amurka masu shekara 30 zuwa sama na da ciwon dasashi, ciwon suga kuma yana tsananta shi, shi ma yana hana suga sauka. Amma wannan na baya ne. Yau asibiti.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar, dasashina na zubar da jini. An ce mai ciki ba ta zuwa wurin likitan haƙori.

Amsa: Ba gaskiya ba ne, Hajiya. Ki je, ki gaya masa watannin cikin, wankin haƙori da cike kogo ba sa cutar da jariri. In kika ga kumburi ko zazzaɓi, kada ki kwana a gida.